Tsohuwar A-kori-kura: Gyara a Gida ko Kai wa Bakanike?

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Dawanau ta Kano, ko wata kasuwar ƙauye ranar da take ci, zai ga tsofaffin a-kori-kura suna shigowa a karkace saboda nauyin buhunan masara da gero da albasa. Da yawansu Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna. Masana'antar ta fara aiki a shekarar 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara ashirin, wasu kuwa sun girmi masu tuƙa su.

Mota mai irin waɗannan shekaru ba ta rabuwa da 'yan matsaloli. Yau noti ya kwance, gobe ruwa na ɗiga, jibi wata sabuwar ƙara ta ɓullo daga ƙasa. A kan yadda za a bi da wannan hali masu motocin suka rabu gida biyu. Akwai masu buhun sifanu a bayan kujera, waɗanda ke shimfiɗa kwali a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida su shige ƙarƙashin motar da kansu. Akwai kuma masu cewa kowa da sana'arsa, su nasu tuƙi ne da neman lodi, gyara kuwa na bakanike ne. Kowane ɓangare yana da hujja, amma nauyin hujjojin ba ɗaya ba ne.

Abin da ya sa ma ake wannan muhawara shi ne yanayin motar kanta. Injin fetur ne mai silinda huɗu, da kafireto, da distiribita mai kwantak, ba kwamfuta a ko'ina a jikinta. Abu uku yake bukata ya tashi, wato mai da iska da wuta. Idan ta ƙi tashi da safe, mai ita zai iya cire fulogi ya ga ko wuta na zuwa, ya duba ko mai na isa kafireto, ya leƙa matatar iska ko ƙura ta toshe ta. A mafi yawan lokuta matsalar tana cikin ukun nan. Mai sabuwar Hilux ba shi da wannan dama, domin idan wata fitila ta kama a gaban sitiyari, sai an jona na'ura kafin a san me ke ciwo. Tsohuwar 504 kuwa an ƙera ta ne a zamanin da ake sa ran mai mota zai buɗe bonet da hannunsa, shi ya sa akwai sarari a kewayen injin, kuma kusan komai ana iya kai masa hannu.

Ta fuskar kuɗi, gida ya fi sauƙi a ƙananan ayyuka, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Wanda ya kai mota gareji don juye baƙin mai ko canza fulogi zai biya kuɗin hannu, sannan ya yi asarar rabin yini yana jiran layi, alhali motar haya idan ta tsaya cinikin ranar ya tsaya. Kayan aikin da ake bukata a gida sau ɗaya ake sayensu: jerin sifanu daga lamba 8 zuwa 19, sifanar fulogi, sukudireba biyu, filaya, siraran ƙarafan nan na auna tazara, jak mai kyau da abin tokare mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wani lissafi ya ƙaru. Inji mai kafireto idan saitinsa ya goce shan mai yake yi ba ji ba gani, kuma a hankali yake gocewa, ba ya sanarwa. Kwantak yana cinyewa, tazararsa ta kauce daga kusan milimita 0.4 da ake so, fulogi ya yi baƙi, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Mai motar da ke duba waɗannan duk bayan 'yan makonni yana tsimin lita bayan lita, wanda ke jiran sai mota ta tsaya cak kuwa ya riga ya ƙona kuɗin gyaran a gidan mai tun kafin ya isa gareji.

Sai dai arahar gida tana da sharaɗi, wato mutum ya san abin da yake yi. Kan injin 504 na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, fulogansa kuma suna can cikin ramuka masu zurfi. Wanda ya ɗaura fulogi a karkace ya danna da ƙarfin tsiya zai cinye zaren ramin, aikin minti goma ya koma na sauke kan inji. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a bari inji ya huce, a fara ɗaurawa da hannu har ya zauna, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da an hau kanta ba. Haka nan wanda ya saba da motocin Japan zai iya rikita wayoyin fulogi, domin a wannan injin silinda ta ɗaya tana can baya ta wajen giya, ba gaba ta wajen lagireto ba, wutar kuma tana bin jerin 1-3-4-2. Ƙananan abubuwa ne, amma rashin saninsu ya sa mutane da yawa sun tura mota gareji bayan sun yi mata illar da ba ta zo da ita ba.

Inda gida ya yi wa gareji fintinkau shi ne lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike, komai ƙwarewarsa, yana ganin motar ne ranar da ta riga ta lalace. Mai ita kuwa kullum yana jin muryarta, ya san yadda take tashi da asuba, ya san lokacin da kuloci ya fara kamawa daga sama, ya san karkarwar da ba ta nan a makon jiya. Abubuwan da suka fi kashe tsofaffin injina guda biyu ne, zafi da dattin mai, kuma dukkansu suna ba da alama tun da wuri. Duba sandar auna mai da ruwan lagireto da fambel kafin a kunna mota ba ya cin minti biyar. Kallon ƙasan inda ta kwana yana gaya wa mutum abin da ke ɗiga, ko baƙin mai ne, ko ruwa mai tsatsa, ko man birki a gefen taya. Hayaƙin salansa ma magana yake yi. Shuɗi-shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, baƙi yana nufin fetur ya yi wa iska yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama yana nufin ruwa na shiga silinda. Idan aka zaro sandar mai aka ga ya koma fari-fari kamar an zuba madara, a kashe mota nan take, ruwa ya haɗu da mai.

Babu garejin da zai yi wa mutum wannan aiki, ko da yana son biya. Juye baƙin mai a kan lokaci, kamar duk bayan kilomita 5,000 ko ƙasa da haka ga mai bin hanyar burji, da wanke matatar iska a lokacin hunturu, da ɗure giris a inda ake bukata, da goge kan batir idan ya yi farin gari, su ne ke ƙara wa mota shekaru. Hatta ruwan da ake zubawa a lagireto yana da tasiri. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin dasƙararren datti a cikin bututu, yana kuma cin alminiyam a hankali, har wata rana allurar zafi ta haye a tsakiyar hanya da lodi a baya.

To amma a faɗi gaskiya, gareji yana da abin da gida ba zai taɓa samu ba. Tsohon bakaniken Peugeot ya buɗe irin wannan inji sau ɗaruruwa. Ya shafe shekaru yana yaron gareji, yana wanke noti da miƙa sifana, kafin a bar shi ya taɓa kan inji. Ƙarar da za ta hana mai mota barci mako guda, shi da ya kara kunne zai ce boris ɗin famfon ruwa ne, kuma a buɗe a tarar haka ne. Yana da sarƙar ɗaga inji, da ramin shiga ƙarƙashin mota, da abin matse boris. Kusa da shi akwai mai waya da mai walda da mai faci da masu injin goge ƙarfe, ta yadda aikin da ya fi ƙarfin ɗaya zai wuce hannun na gaba ba tare da an ja mota zuwa wata unguwa ba.

Cikin injin 504 kansa ya isa hujja a kan haka. Silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye, a gindin kowanne kuma akwai abin da ke hana ruwan gangarawa cikin mai. Wannan tsari alheri ne, domin idan silinda ta cinye sai a zare ta a sa sabuwa da fistin ɗinta, inji ya dawo kamar jiya aka saye shi. Shi ne ma sirrin daɗewar waɗannan motoci. Amma tarko ne ga wanda bai sani ba. Idan aka ɗage kan inji aka juya karanshaf ba tare da an danne silindojin ba, za su ɗaga, mazauninsu ya motsa, bayan an gama haɗawa ruwa ya riƙa zuba cikin mai. Kan injin da ya sha zafi kuma yakan lanƙwashe, sai an kai shi an goge fuskarsa ta daidaita kafin sabon gasket ya riƙe. Notocinsa suna da jerin da ake bi wajen ɗaurewa da ƙarfin da ba a wucewa. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk da haka gareji ba ya rasa nasa ciwon, kuma ciwon yana ƙaruwa. Waɗanda suka koyi aiki a zamanin da 504 ce motar gwamnati da ta haya sun manyanta, wasu sun bar sana'ar. Matasan da ke tasowa sun fi karkata ga Toyota da Honda da na'urar gano matsala, domin can ne kasuwa take. Ba abin mamaki ba ne yanzu a sami bakanike mai hannu sosai a kan sabbin motoci amma bai iya saita kafireto ba, ko bai san cewa tazarar bawul a wannan inji ana auna ta ne yana sanye, milimita 0.10 a na shigar mai da 0.25 a na fitar hayaƙi. Sannan akwai ɗabi'un da suka zama ruwan dare. Da mota ta fara zafi sai a cire abin daidaita zafin ruwa a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi, alhali injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa. Fiyus ya ƙone, a naɗa waya a madadinsa, ranar da wuta ta haɗu wayoyin motar gaba ɗaya su narke. A buɗe inji a baje kayansa a kan yashi ana iskar hunturu. Maigidan ya karɓi aiki ya fita, ya bar wa yaron da bai shekara da fara koyo ba. Mafi muni shi ne masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki.

Adalci ya sa a ce ba duk laifin na bakanike ba ne. Sau da yawa mai motar ne ke tsaye a kansa yana cewa, "Maigida, a lallaɓa min ita kawai in kai kasuwar gobe, in na dawo a yi mai gaba ɗaya." Bakanike ya ce, "Alhaji, wannan roba ta mutu, sai an canza." Alhaji ya ce a ɗaure da waya tukuna. Ranar dawowar kuwa ba ta zuwa sai motar ta tsaya a daji. Wanda ba ya taɓa motarsa da hannunsa ya fi faɗawa wannan hali, domin bai san bambancin abin da zai iya jira da abin da ba zai jira ba, duk maganar bakanike a kunnensa neman kuɗi ce.

Batun kayan gyara ya fi kowanne sarƙaƙiya, kuma a nan ɓangarorin biyu kusan kunnen doki suka yi. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya aika Ladipo a Legas, zai tarar da kaya iri uku: sabo na asali wanda ya yi ƙaranci kuma yana da tsada, sabo na kwaikwayo mai kyan kwali, da na hannu da aka ciro daga motar da aka yanka ko aka shigo da shi daga waje. Bakanike yakan gane na ƙwarai daga nauyinsa a tafin hannu da yadda aka gama bakinsa, mai mota kuwa idan ya je shi kaɗai ana iya sayar masa da kwali. A ɗaya gefen, wanda ya miƙa kuɗi ya koma gida yana iya biyan kuɗin na asali a sa masa na kwaikwayo, ko a wanke nasa tsohon a mayar. Maganin abin shi ne a je tare, a riƙe tsohon a hannu don gwadawa, a kuma karɓi abin da aka cire bayan an gama aiki. Akwai wata ƙa'ida da ta cancanci riƙewa: kayan ƙarfe irin su giya da aksul da sifirin, na hannu na asali ya fi sabon kwaikwayo sau da yawa, amma kayan roba irin su fambel da bututun ruwa da robobin birki ba a sayen na hannu, domin roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba.

Sai maganar rai, wadda ta fi ta kuɗi. Gyara a gida yana da haɗurran da mutane ke rainawa. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba a shiga ƙarƙashi a dogara da shi, bulon siminti kuma yana iya farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Sai an tokare da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, a kan ƙasa mai tauri, an sa dutse a bayan tayoyi. Kafin a taɓa waya a cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi. Ba a buɗe murfin lagireto inji na zafi. Ba a barin mota a kunne a rufaffen wuri, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Ba a zuƙo fetur da baki, ba a kuma hure ƙurar birki da baki, saboda tsofaffin takalman birki da yawa suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu. Baƙin man da aka juye a tara shi a jarka, kada a kwarara a kwata ko kusa da rijiya. A gida kuma akwai ƙananan yara, abin da gareji ba shi da shi.

Birki da sitiyari kuwa hukuncinsu daban ne, domin kuskure a cikinsu ba mai motar kaɗai yake ci ba. A-kori-kurar da ta ɗauko buhu ashirin da mutane a saman kaya, idan birkinta ya shanye a gangare, rayukan da ke ciki da na bakin hanya duk suna wuyan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Mai mota zai iya duba yawan man birki, ya lura da ɗiga, ya san cewa man yana tsotsar danshi don haka yana bukatar sauyi kamar duk shekara biyu. Amma buɗe famfon birki da canza robobinsa da fitar da iska daga bututu aiki ne na wanda ya ƙware, mai motar yana tsaye yana kallo.

Yanayin mutum ma yana shiga cikin awo. Wanda shi ne mai motar kuma shi ne direbanta, musamman a ƙauyen da gareji mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda, ba shi da wani zaɓi illa ya koyi aikin hannu. Wanda ya ba direba motar yana jiran balas da yamma ya fi bukatar amintaccen bakanike guda ɗaya da zai riƙe, maimakon yau nan gobe can. Amma ko shi ya kamata ya ajiye ɗan littafi a motar, a riƙa rubuta ranar da aka juye mai da abin da aka canza da inda aka saya. Da yawa daga cikin waɗannan motoci agogon kilomitarsu ya daɗe da mutuwa, littafin ne kaɗai zai tuna.

Idan aka ɗora duka a sikeli, gida ne ya rinjaya. Mafi yawan abin da tsohuwar a-kori-kura ke bukata ƙananan ayyuka ne masu maimaituwa, waɗanda ba sa son gwaninta sai naci, kuma mai ita ne kaɗai ke kusa da ita kullum. Gareji wurin manyan ayyuka ne guda huɗu: cikin inji, cikin giya da aksul, birki, da sitiyari. Wanda ya riƙe ƙananan da kyau zai daɗe bai nemi manyan ba, ranar da ya je kuma zai je da bayanin da zai taƙaita wa bakanike bincike, ba kuma za a yi masa rufa-ido ba. Wanda ya sallama komai ga gareji yana biya sau biyu, kuɗin gyara da kuɗin sakaci.

Saboda haka, mai tsohuwar mota, ka sayi sifanunka, ka nemi dattijon bakaniken da ya san Peugeot tun yana da sauran ƙarfi, ka tsaya kusa da shi duk lokacin da yake aiki a motarka, ka yi tambaya ba tare da jin kunya ba. Ka jawo ɗanka ko ƙaninka ya riƙe maka fitila ya koya. Abin da ka iya ka yi shi a kan lokaci, abin da ya fi ƙarfinka kuma ka kai wa masu shi tun bai zama babba ba.